Katako Marar Asali

Kafinta bai taɓa sayen sabon katako ba, kuma da bakinsa yake faɗa, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Duk teburin da ya fita daga shagonsa, a da can ƙyauren wani gida ne, ko katakon rufin wata makaranta da aka rushe. Yakan ce katakon da ya sha rana da ruwa shekara da shekaru ya riga ya gama duk wata karkacewa da zai yi a duniya, abin da ya rage masa biyayya ce kawai. Shagon nasa dogon ɗaki ne mai rufin kwano a ƙarshen layin masu walda. Bencin aiki a tsakiya, zartuna rataye a bango, gwangwanayen madara cike da tsofaffin ƙusoshi da aka zare aka miƙe, garin katako kuwa har cikin kofin shayi. Daga bayan benci zuwa bango, tsohon katako ne jibge har kusa da rufi.

Mutum ɗaya ne ke kawo masa wannan katako, wani dogo mai faɗin kafaɗa da ake kira Rusau. Duk inda aka ɗaga guduma za a rushe gini a garin, kafin ƙura ta lafa Rusau yana wurin da kurarsa ta tura kaya, yana zaɓar abin da zai moru. Tun suna samari suke tare. Shi ne ya laƙaba wa Kafinta sunan Gara, wai don duk katakon da ya shiga shagon ba ya fitowa da kamanninsa.

"Gara! Fito ga abincinka na kawo!" Haka yake kwaɗa kira tun daga bakin layi.

"Allah ya isar wa masu gidaje," in ji Kafinta. "Gidan wa kuma ka yi wa baki yau?"

Ba su taɓa yin gaisuwar kirki ba. Wanda bai san su ba sai ya ɗauka yanzu za a ba hammata iska, alhali kwano ɗaya suke sa hannu da rana. Kowa a layin ya san Rusau a tasha aka tsince shi yana jariri, masu sayar da abinci suka raine shi hannu-hannu, bai san uwa ba bai san uba ba. Kowa ya sani, kuma ba mai faɗa. Shi kansa Kafinta, da duk tsiyar da yake masa, ya zagi tsawonsa, ya zagi ƙaton ƙafarsa, ya zagi kurarsa mai kukan tsiya, amma wannan wuri bai taɓa kusantarsa ba.

Rabin abin da Kafinta ke ƙerawa wani babban kantin kayan ɗaki ne ke ɗauka, irin mai ƙofar gilashi da sanyi a ciki. Da wannan kanti ya aurar da ƙannensa, da shi yake riƙe da gida. 'Yarsa ta fari ce ke hulɗa da su, don ita ta iya waya da rubuce-rubuce, shi ya sa yake ce mata Manaja. Wata rana ta dawo daga kantin fuska ba walwala, ta share garin katako daga kan kujera ta zauna.

"Baba, sun ce daga sabuwar shekara ba za su ƙara karɓar kayan da ba su da tambari ba."

"Tambarin me? Ga sunana nan ina ƙonawa a ƙarƙashin kowane tebur."

"Ba irin wannan ba. Wani koren ganye ne ake mannawa. Shi ke nuna ba a ɓarnata daji ba wajen samo katakon. Masu saye yanzu shi suke fara dubawa kafin su tambayi kuɗi."

Kafinta ya yi dariya har da buga benci. "To ai shi ke nan! Ni da ban taɓa sa an sare ko reshe ba? Su kawo ganyen, su kawo bishiyar ma gaba ɗaya su manna mini a goshi."

Ya yi saurin dariya, bawan Allah.

Jami'ar da masu tambarin suka turo ta duba shagon mace ce mai natsuwa, ba ta da girman kai ko kaɗan. Ta gaishe shi da ladabi, ta shafa wani tebur da ya gama, ta ce aikin ya yi kyau, kuma da gaske take. Sannan ta juya ga tarin katakon da ke bayan benci.

"Baba, ina asalin wannan?"

"Wannan ƙyauren wani tsohon asibiti ne. Wancan kuma rufin gidan wani attajiri."

"A'a, bishiyar nake nufi. A wane daji aka sare ta, wa ya sare, da izinin wa?"

"Ranki ya daɗe, wanda ya sare ta ai ya riga kakana kwanta dama."

Ta yi murmushi, ta yi masa bayani dalla-dalla. Tambarin alkawari ne ga mai saye cewa an bi sawun katakon tun daga kututture har zuwa tebur. In aka bar kowa ya ce nasa tsoho ne, gobe ɓarayin daji za su shafa wa sabon katako toka su ce daga rusau ya fito, kuma an sha yin hakan. Akwai wani tambarin na tsohon katako, amma shi ma sai da takarda daga duk wanda ya rushe gini, mai nuna wane gini ne da abin da aka cire. Kafinta ya tuno masu rusau ɗin da ya sani, mutanen da ko sunansu na gaskiya ba sa so a sani, balle su sa hannu a takarda. Ya tuno Rusau, wanda bai taɓa riƙe biro ba sai don ya sosa kunne.

"In kuma na sayi mai takardar na haɗa da nawa fa?"

"Nan ne ba a yarda ba. Ba a gauraya wanda aka san asalinsa da wanda ba a sani ba. Sai dai a ware musu ɗaki daban-daban, kuma shagon nan ɗaki ɗaya ne."

Maganarta ba ƙarya a ciki, abin haushin ke nan. Da ta yi masa rashin kunya da ya samu wanda zai zaga ya huce.

Bayan ta tafi ya yi ta faɗa shi kaɗai. Wace irin duniya ce wannan, a ce sai ka sa an sare sabuwar bishiya kafin a ba ka shaidar cewa kana tausayin bishiya? Manaja ta bar shi ya gama, sannan ta ce, "Baba, in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. In kantin nan ya sake mu, wa zai ɗauke mu? Masu zuwa gyaran ƙafar kujera?" Kafin mako ya zagayo ya ce ta je ta yi duk abin da ake yi.

Saura Rusau. Wannan kam aikin Kafinta ne, ba na Manaja ba, kuma ya san haka sarai. Sau da yawa ya shirya maganar a ransa, amma da ya ji "Gara!" daga bakin layi sai ta narke. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Shago ya cika, ka ɗan dakata da kawowa kwana biyu."

"Gara ta ƙoshi? Yau na ga abin mamaki," in ji Rusau. "Ko haƙoran ne suka zube?" Ya juya kurarsa ya tafi yana dariya.

Matar Kafinta ta ji labarin, ranta bai so ba. "Malam, ka zaunar da mutumin nan ka faɗa masa gaskiya. Abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa."

"Zan faɗa masa. Bari dai a gama da masu ganyen nan."

"Kullum zan, kullum zan. Allah ya sa kada ka yi ihu bayan hari."

Aka kwashe tsohon katakon aka jibge a wani kango, ruwa na dukansa. Mota ta kawo sabo, fari tas, kowane da hatimi a gindinsa, yana ƙanshin ɗanyen itace. Cikin wannan kai-kawo ne kalmar ta shigo shagon. "Wanda ba a san asalinsa ba" ya yi tsawo a bakin mai aiki, sai Manaja ta gajarta, ta koma cewa mai asali da marar asali. "Baba, wannan guntun mai asali ne?" "A'a, marar asali ne, jefa shi waje." Tun Kafinta na jin nauyin kalmar har ta zame masa kamar guduma da zarto, abin aiki kawai. Safe da yamma ana faɗa, ba wanda ya tsaya ya saurari abin da ake cewa.

Ranar da jami'ar za ta dawo duban ƙarshe, an share shagon kamar za a kwana a ciki. Kafinta ya sa riga mai tsabta, abin da bai saba ba ranar aiki. Jami'ar ta zo tana bin katakon ɗaya bayan ɗaya, tana duba hatimi, Manaja na biye da ita. Komai na tafiya daidai. Sai ga kukan kura daga bakin layi.

"Gara! Kwana biyunka sun ƙare! Fito ka ga abin da na samo maka, yau sai ka yi mini godiya ko ba ka so!"

Kafin a ce kwabo Rusau ya turo kan kurar cikin shagon, gumi na zuba, baki har kunne. A kanta wani ƙyaure ne mai kauri, baƙi wuluk don tsufa, irin wanda Kafinta zai iya shekara yana nema bai samu ba. Jami'ar ta ɗago kai ta dubi ƙyauren, ta dubi Kafinta. Manaja ta dafe ƙirji. Shi kuwa Kafinta abin da ya gani kawai shi ne kanti ya tafi, ganye ya tafi, wahalar watanni ta tashi a banza. Ya daka tsawa da muryar da duk layin sai da ya ji:

"Kai, fita! Fita mini a nan! Ba a shigo mana da marar asali cikin shagon nan!"

Mai waldan da ke maƙwabtaka da su ya kashe injinsa. Mai shayin tsallaken hanya ya tsaya da buta a hannu. Dariyar ta ɗan jima a fuskar Rusau, kamar ba ta ji abin da aka ce ba, sannan ta sauka a hankali. Ya dubi Kafinta ido cikin ido, ya gyara riƙon kurar, ya ja ta da baya har ya fita.

Sai a lokacin Kafinta ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Ya kamata ya bi shi a guje, ya riƙe kurar, ya rantse da Allah katako yake nufi. Wallahi ya kamata. Amma jami'ar na tsaye da biro a hannu, sai ya tsaya shi ma.

"Haka ake so, Baba," in ji ta, ita da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. "Da yawa a nan suke faɗuwa, sai su kasa hana mutanensu." Ta ƙara da cewa daga yanzu za a riƙa zuwa dubawa ba tare da sanarwa ba, don haka kada a sake ko guntu ya kwana a ciki.

Tambarin ya zo. Ɗan koren ganye ne da bai kai tafin hannu ba, Manaja ta sa shi a gilashi ta rataye inda kowa zai gani. Kuma kada a yi wa ganyen nan ƙarya, ya yi aikinsa. Kantin ya ƙara yawan abin da yake ɗauka, wani otal ya aiko a yi masa kujeru, aka gyara rufin da ke yoyo. Masu saye na zuwa su ɗauki hoton tambarin, su yi wa Kafinta sannu da ƙoƙarin ceton daji, shi kuwa ya ce yawwa, yana kallon motar da ke sauke masa sababbin bishiyoyi a ƙofa. Abinci ya ƙaru a gida. Amma da rana shi kaɗai yake cin nasa, kuma ba ya iya cinyewa.

Rusau bai sake biyowa ta layin ba. Mutanen layin ma ba wanda ya tayar da maganar, sai dai gaisuwarsu ta ragu. Mai walda, wanda a da yakan leƙo aron guduma, ya koma aro a wani wuri. Manaja ta yi kuka ta ce laifinta ne, ita ta kawo kalmar. Uwarta ta ce, "Ke kika kawo, amma ba ke kika jefa ba. Magana zarar bunu ce. Malam, in kana da sauran kunya ka tashi ka nemi mutumin nan." Ya yi ta ja, yau aiki gobe aiki, don tsoro yake ji, tsoro ƙwarai. Sai da mai shayi ya gaya masa inda Rusau yake zama yanzu, sannan ya ajiye zarto ya tafi.

A bayan wani gidan burodi ya same shi, a fili mai baƙar ƙasa, kusa da bakin tanda. Tunda ba mai sayen tsohon katako don ƙira, masu burodi ne suka rage, su kuwa ba ruwansu da kyan katako, ya dai ci wuta. Ga tagogi da ƙafafun gado da katakon rufi an faskara an tara. Rusau na tsaye da gatari, ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Ƙyauren nan mai kauri yana jingine a bango, shi kaɗai ya rage ba a taɓa ba, da alama ya yi ta ɗaga masa ƙafa har layi ya zo kansa.

"Rusau," in ji Kafinta. Ya yi ƙoƙarin sa wasa a muryarsa. "Yanzu kuma gidajen ba su ishe ka ba, sai ka ƙone su?"

Rusau ya ajiye gatarin, ya goge hannu a riga, ya ɗan rusuna.

"Sannu da zuwa, Malam. Ina wuni? Ya iyali? Ya aiki?"

Da mari ya kwaɗa masa da ya fi sauƙi. Tun suna samari bai taɓa ce masa Malam ba, bai taɓa tambayarsa iyali ba, sai dai ya shiga gidan kai tsaye ya buɗe tukunya.

"Haba, ni ne fa. Gara ne."

"Na gane ka, Malam."

"Don girman Allah ka saurare ni. Katakon nake nufi. Wallahi tallahi katakon nake nufi. Haka muke ce masa a shago, masu tambarin ne suka..."

"Na sani," in ji Rusau, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Tun a wurin na san katakon kake nufi. 'Yarka ma ta zo ta yi mini bayani, Allah ya yi mata albarka. Ni ba wannan ne ya tsaya mini ba." Ya dubi bakin tandar. "Yadda ta fito ne. Ko tuntuɓe ba ka yi ba. Ni duk zaman nan da muka yi, na ɗauka kalmar nan ba ta cikin bakinka sam. Ashe tana nan, har ta saba da wurin."

Idon Kafinta ya cika da ƙwalla. Ya rasa inda zai sa kansa, sai ya matsa ya dafa ƙyauren, ya shafa shi. Katako ne na gaske, ko gara ɗaya ba ta taɓa shi ba.

"Kada ka faskara wannan. Ka bar mini shi."

"Ɗauka, Malam. Dama kai na kawo wa."

Kafinta ya kama gefensa da hannu biyu, ya jinjina nauyinsa.

"Sai dai ina za ka kai shi?" in ji Rusau.

Ba da gatse ya yi tambayar ba, tambaya ce kawai. Kafinta ya tsaya. Gidansa ɗaki biyu ne na haya, ko keke a tsakar gida yake kwana. Kangon da ya jibge sauran an fara gini a ciki. Shago kuwa, ana iya zuwa dubawa gobe, ana iya zuwa yau da yamma. Ya tuno kujerun otal da ba a gama ba, ya tuno Manaja, ya tuno rufin da ya daina yoyo. Rusau na tsaye yana jira, bai matsa masa ba, ya ba shi duk lokacin da yake so. Daga cikin gidan burodin wani ya leƙo ya ce wuta na neman itace.

A hankali Kafinta ya sauke hannunsa daga kan ƙyauren.

Rusau ya gyaɗa kai. Ya jawo ƙyauren ya kwantar da shi a ƙasa, ya tofa yawu a tafin hannu, ya ɗauki gatarinsa.

"Ɗan matsa baya, Malam," ya ce, "kada ɓaraguzai su same ka a ido."